Babi na Bakwai: Litar da Ba a Ƙirga Ba

A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan wata dokar tsaro wadda ta taɓa kusan duk abin da ake kunna wuta ko inji da shi a yankin da 'yan bindiga suka addaba. An hana sayar da fetur a jarka. A ƙananan hukumomi irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gidajen mai ƙalilan da gwamnati ta keɓe ne kaɗai aka yarda su yi ciniki, kuma kada a ba mai mota man da ya wuce na naira 5,000, wato kimanin lita 30 a farashin wancan lokaci. An hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. An rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar.

Manufar a fili take: a hana ɓarayin daji man da suke ɗura wa baburansu. Sai dai ba su kaɗai ke amfani da jarka ba. Da ita mai injin niƙa ke ɗauko man da zai niƙa wa matan ƙauye dawa da masara. Da ita mai noman rani ke kai wa injin ban ruwa mai a fadama, haka mai shagon cajin waya, haka ƙaramin asibitin da ke kunna janareta in haihuwa ta zo cikin dare. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai ɗauko injinsa a ka ya kai bakin famfo. Don haka man da ya isa hannunsu a watannin nan ya biyo ta wasu hannaye, kowane hannu da ribarsa, kowane shinge da abin da ya ci. A lokacin gidan mai na gwamnati na sayar da lita a kan naira 160 da 'yan kai, amma mutumin ƙauye bai san wannan farashi ba sai a rediyo.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton farashin fetur da dizal da kananzir da gas na girki duk wata, jiha-jiha, kuma tana cewa ma'aikatanta na tattaro farashi daga dukkan ƙananan hukumomi 774. Aiki ne mai kyau, kuma ƙasashe da yawa a Afirka ba su da irinsa. Amma abin da ke fitowa a ƙarshe lamba ɗaya ce ga jihar Katsina gaba ɗaya. A cikinta aka narkar da birnin Katsina da Daura da Funtuwa tare da ƙauyen da ke bakin dajin Sabuwa. Litar da aka saya a galan, a ɓoye, ba ta da gurbi a jadawalin. Wanda duk ya ɗauki wannan rahoto a Abuja ko a Landan zai zaci ya san abin da mutumin Katsina ke biya, alhali mutanen da suka fi kowa biya su ne ba a gani a ciki. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, ko a ƙidayar 2006, mutanensu sun haura rabin miliyan.

Mutanen Ƙanƙara sun riga sun ga yadda lambar gwamnati ke yi idan ta fito kafin a ƙirga. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta garin. Gwamnan jiha ya ce ɗalibai 333 ne ba a gani ba. Mai magana da yawun shugaban ƙasa, Malam Garba Shehu, ya ce waɗanda ke hannun 'yan bindiga ba su wuce goma ba. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Malam Garba ya fito ya nemi afuwa, kuma wannan abin a yaba ne, domin ba kowane jami'i ke yi ba. Amma a tuna iyayen da suka kwana shida a harabar makaranta, kowa ya san ɗansa bai dawo ba, sannan suka ji an ce goma. Uban da ya ji haka da kunnensa, da wuya gobe ka kawo masa wata lamba daga Abuja, ko ta wuta ce ko ta mai, ya karɓa hannu bibbiyu.

Rashin yardar ma ta girme wannan. Tun zamanin En'e, idan aka zo ƙirga mutane ko shanu, haraji da jangali ne ke biye. Makiyayi ya koyi kora rabin garke cikin daji ranar ƙidaya, magidanci ya koyi rage yawan bayin Allah da ke gidansa. Sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Ta wani ɓangaren kuma, tun kafin nan abin ya juya: ƙidaya ta zama hanyar rabon arzikin ƙasa, kowa na son a ce yana da yawa. An soke ƙidayar 1962, an yi rigima a kan ta 1963, an soke ta 1973, kuma tun 2006 ba a sake yi ba. Duk wanda aka ba shugabancin hukumar ƙididdiga a ƙasar nan ya gaji wannan tarihi tun kafin ya zauna kan kujera.

A harkar makamashi abin ya fi muni, saboda a nan lamba kuɗi ce tsabarta. Shekara da shekaru ana biyan tallafin mai bisa yawan litar da aka ce 'yan Najeriya sun sha. Duk litar da aka ƙara a takarda, akwai aljihun da ya ƙaru. Bayan zanga-zangar Janairun 2012, kwamitin Majalisar Wakilai da ya binciki tallafin ya gano cewa abin da aka kashe a 2011 ya haura naira tiriliyan biyu, alhali kasafin kuɗi ya ware naira biliyan 245 ne. Shekara goma bayan haka maganar na nan. A Satumban 2022 shugaban kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya tsaya gaban wani kwamitin majalisa ya tambayi dalilin da zai sa a riƙa fitar da lita miliyan 98 daga ma'ajiya kullum idan har ƙasar lita miliyan 60 take sha. An saba amsa irin wannan tambaya da kalma ɗaya, fasa-ƙwauri. To, mu yi lissafi. Bambancin lita miliyan 38 ne. Tanka mai ɗaukar lita 33,000, sai ka jera fiye da dubu kafin su kwashe shi, kuma kullum. Duk wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Kwangwalam ya san ana fitar da mai, ba mai musu. Amma tanka dubu a rana ba abin da zai wuce ba a gani ba ne.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, kuma cikin 'yan watanni hukumar da ke kula da rarraba mai, NMDPRA, ta ce abin da ake fitarwa kullum ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa tsakanin 40 da 50. Wani ɓangare na wannan ragi gaskiya ce mai zafi: mutane sun ajiye motoci, masu injin ban ruwa sun rage fili. Wani ɓangaren fasa-ƙwauri ne da ya rage riba. Akwai kuma zargin cewa wani ɓangaren man takarda ne wanda dama bai taɓa shiga tanki ba. Da a ce akwai hukuma mai zaman kanta da ke auna shan mai tun farko, da an raba waɗannan uku an ce ga nauyin kowanne. Da yake babu, kowa ya zaɓi bayanin da ya dace da ra'ayinsa.

A kasuwar hatsi ta Ɗandume ba wanda zai yarda mai saye ya zo da tiyarsa, ya auna da kansa, sannan ya faɗi buhu nawa ya samu. Akwai ma'auni, akwai tiyar da kasuwa ta sani, kuma ma'aunin da aka kama yana danne hannu ya gama cin abinci a wannan kasuwa. A harkar makamashin Najeriya kuwa, mai sayarwa shi ne ma'auni. Kamfanin NNPC da ya shekara da shekaru yana shigo da mai yana cire kuɗin tallafi, daga hannunsa alƙaluman shan mai suka fi fitowa. Kamfanonin rarraba wuta, irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa tun da aka sayar da harkar a Nuwamban 2013, su ke kai wa hukumar kula da harkar wuta, NERC, yawancin bayanan da take aiki da su. Hukumar Makamashi ta Ƙasa, wadda aka yi dokarta a 1979 ta fara aiki a 1989, an ɗora mata tattara bayanan makamashi, amma ba ita ake saurare ba ranar da ake gardamar lita. NBS kuma sau da yawa abin da waɗannan hukumomi suka miƙo mata take bugawa. Ba na cewa duk abin da suka miƙa ƙarya ne. Ina cewa tsarin bai ba talaka hanyar tantancewa ba, kuma inda ba hanyar tantancewa, gaskiya ma zargi take sha.

Ta fuskar wuta, talaka ya fi kowa sanin wannan, domin lambar har gida take iske shi. Miliyoyin masu amfani da wuta ba su da mita, bil ɗin kintace ake kawo musu. Sai a Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya kintata wa mutum. Daga baya aka raba masu wuta rukuni-rukuni bisa yawan sa'o'in da aka yi musu alkawari: rukunin A sa'a 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Tsarin gaba ɗaya a kan lamba ɗaya ya tsaya, wato sa'a nawa wuta ta zo. Kuma ana auna ta ne a kan babban layi. Idan layin na da wuta sa'a takwas amma taransifomar unguwa ta ƙone tun bara, ko an sace wayar da ta shiga ƙauye kuma ma'aikata na tsoron zuwa gyara, a takarda mutanen suna da wuta. Bankin Duniya ya ce a 2021 mutum miliyan 85 a Najeriya ba su da wutar gwamnati. Waɗanda ke da turke da waya a ƙofar gida amma sun manta ranar da fitila ta kama, su ba su cikin wannan lissafi. Haka ake cewa ƙasar na da tashoshin da za su iya samar da megawat kusan 13,000, abin da ke isa layi kuma ya tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Katsinawa sun san wannan tazara da idonsu a Lambar Rimi, inda fankokin tashar iska mai megawat 10 suka shekara da shekaru a tsaye ba a ci moriyarsu ba.

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali. Lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana ta mai a 1973, layuka suka cika gidajen mai, jama'a da yawa suka ce kamfanoni ne suka ɓoye man, gwamnati kuma ta tarar ba ta da alƙaluman kanta sai waɗanda kamfanonin suka ba ta. A 1977 aka kafa hukumar bayanan makamashi, EIA, a ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar makamashi, aka kuma rubuta a doka cewa shugabanta ba ya bukatar amincewar wani jami'in gwamnati a kan abin da rahotonsa ya ƙunsa kafin ya buga shi. Wanda aka fara naɗawa, Lincoln Moses, malamin ƙididdiga ne daga jami'ar Stanford. Har yau, in ba hutu ya gitta ba, duk ranar Laraba da ƙarfe 10:30 na safe agogon Washinton hukumar ke fitar da yawan man da ke ajiye a ƙasar, kowa ya gani lokaci guda, kuma farashin mai a duniya kan motsa a cikin mintin. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne ranar da aka tsayar. Rahoton da ke da rana da sa'a, in aka jinkirta shi kowa zai lura.

Doka kaɗai ba ta tsare kowa. A Ajantina an cire jami'ar da ke lissafin tsadar kaya a 2007, aka shiga buga lambobin da ba mai yarda da su, har Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawata wa ƙasar a 2013. A Girka, Andreas Georgiou ya bayyana ainihin giɓin kasafin 2009, ya shekara da shekaru yana zaryar kotu. A Amurkar ma, ranar 1 ga Agusta 2025 Shugaba Trump ya kori shugabar hukumar ƙididdigar ayyukan yi, Erika McEntarfer, sa'o'i kaɗan bayan rahoton da bai yi masa daɗi ba.

Shugaban irin wannan hukuma, da wuya a kira shi a ce ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri. Abin da zai ji a waya ya fi haka laushi: "Dakta, a ɗan dakata mana da rahoton nan har a gama taron masu zuba jari." Ko kuma kuɗin fita aiki su maƙale a ma'aikata. Dakta Yemi Kale, wanda ya riƙe NBS daga 2011 zuwa 2021, ya ga fuskokin abin biyu. A Afrilun 2014 hukumarsa ta sake lissafin tattalin arzikin ƙasa ya kai kimanin dala biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu, gwamnati ta yi murna. Hukumar nan dai ita ta buga cewa rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Buga lamba ta biyu shi ya sa aka ci gaba da girmama ta farko. A 2023, ƙarƙashin Adeyemi Adeniran, aka sauya ma'aunin zuwa na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai lambar ta faɗo zuwa kashi 4.1. Ta fuskar ilmi akwai hujja. Amma saurayin da aka koro daga gonar ubansa a Faskari, yana tura baro a Funtuwa, shi abin da ya ji a rediyo shi ne an ce kusan kowa na da aiki. Ya kamata a ce an buga lambobin biyu kafaɗa da kafaɗa na tsawon shekaru, an kuma yi bayani da Hausa har ya ratsa. A Disamban 2024 hukumar ta fitar da binciken da ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya sun biya kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23 cikin shekara guda, kwanaki kaɗan bayan haka ta sanar an yi wa shafinta na intanet kutse, shafin ya daɗe a rufe. Ana iya jayayya da wannan lamba, kuma masana sun yi. Amma ga mutanen yankin nan, wannan ne karo da ba kasafai ake samu ba da takardar gwamnati ta faɗi abin da ya yi kama da rayuwarsu, sai kuma takardar ta ɓace daga gani.

A ganina, abin da zai fi dawo da yarda a wuri irin namu shi ne hukuma ta riƙa faɗin inda ƙafar ma'aikatanta ba ta taka ba. An taɓa yi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya rubuta a fili cewa an bar ƙananan hukumomi 11 cikin 27 na Borno saboda rashin tsaro. Wannan layi ɗaya ya ƙara wa rahoton daraja, domin mai karatu ya san lambar Borno ta wace Borno ce. Ma'aikacin da aka tura Sabuwa ya tsaya a gidan mai na bakin titi saboda yana tsoron ransa, ba wanda zai ga laifinsa. Laifin na shugaban da zai karɓi takardar ya lulluɓe ta da sunan ƙaramar hukuma gaba ɗaya. Shugaba nagari zai sa ma'aikacinsa ya ji cewa rubuta "ban isa can ba" ba zai jawo masa asarar alawus ba, domin in zai jawo, to cike takardar zai yi a ƙarƙashin bishiya.

Sannan akwai makamashin da ya fi kowane yawa a gidajen yankin, wanda kuma ya fi ƙarancin shiga lissafi: itace da kara da gawayi. Rahoton talauci na NBS na Nuwamban 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, ya sa abin girki cikin ma'aunansa. Amma babu rahoton wata-wata na farashin damin itace kamar yadda ake da na gas. A wurin da shiga daji ya zama sayar da rai, inda ƙauyuka suka watse suka tare a cikin garin Faskari da Ƙanƙara da Funtuwa, farashin itace shi ke yanke ko za a ɗora tukunya sau biyu a rana. Matar da ke raba kuɗin cefane tsakanin masara da abin dafa ta ta san wannan lamba sarai, ba dai wanda ya tambaye ta.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita, kuma Katsina na da hukumar ƙididdiga tata. Wannan dama ce ta fara abin da Abuja ba ta yi ba, kuma ba sai da kuɗi masu yawa ba. Taransifoma nawa ke kowace mazaɓa, nawa ke aiki, sa'a nawa kowace ta ba da wuta a wata, nawa ake sayar da lita a galan a kasuwar Sheme, nawa damin itace. Malamin makaranta da ma'aikacin asibitin da ke zaune a wurin za su iya aiko da wannan ta waya, a biya su, a kuma riƙa bin sawu ana tantancewa. Hukumar da za ta tattara kada ta kasance ƙarƙashin wadda ke raba kwangilar sola ko taransifoma, shugabanta kuma ya zama yana da wa'adin da gwamna ba zai katse shi don rahoto ba. A tsayar da rana guda a kowane wata, a karanta sakamakon da Hausa a gidan rediyon jiha, mazaɓa-mazaɓa, har da sunayen mazaɓun da ba a samu zuwa ba. Mai unguwar da ya ji an ce taransifomarsu na aiki alhali ta shekara a ƙone zai san lambar da zai kira, kuma a wata mai zuwa ya ji an gyara a rediyo an ambaci sunan garinsa.